Kafin ka soka wa rawutar gidanka allura

Baƙi sun sauka Jidda daga Kano ko Maraɗi za su wuce Umara. An sha ruwa, an gaisa, sai su ce a ba su lambar Wi-Fi. Nan maigida a Kandara ko Karantina zai hau sosa ƙeya: wanda ya saka lambar ya yi tafiya, takardar ta ɓata. Can wani yaro zai ɗauko allura, wai a goge komai. Dakata tukuna.

Lambobin sirrin biyu ne. Akwai ta shiga intanet, akwai ta shiga cikin na'urar kanta, wadda Larabawa ke ce wa modam. Ta farkon sau tari tana cikin aljihunka. Duk wayar da ke haɗe da Wi-Fi ɗin ta riƙe ta: Android 10 zuwa sama tana fitar da ita a hoton QR, iPhone kuma daga iOS 16 tana nuna ta ɓaro-ɓaro. In ba a taɓa sauya ta ba, kife na'urar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta.

Takardar nan tana ɗauke da adireshin shiga ciki, irin su 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin Huawei masu layin waya. Sai duk wannan ya faskara za ka nemi ɗan ramin da aka rubuta wa Reset, ka danne shi kamar daƙiƙa 10. Amma fa komai zai koma yadda ya fito daga kamfani. A wasu na'urorin faiba har bayanan layin ke gogewa, garin neman gira a rasa ido. Gara ka fara kiran kamfanin: stc 900, Mobily 1100, Zain 959.

Kai ne za ka kira su. Wanda ya bugo maka da kansa, ya ce zai gyara intanet ɗinka amma ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ko ka amince da wani saƙo a manhajar Nafath, ɓarawo ne, asusunka yake hari. Katse kiran.

Da ka samu shiga, sauya lambobin duka biyun, kada ka bar lambar asali irin “admin” da maƙwabta ke iya canka. Ka rubuta su a bangon littafin da kake ajiye takardun haya.