Tex Hill: Ɗan limamin mishan da ya tare sojojin Japan a kogin Salween

A ranar 11 ga watan Oktoba na shekarar 2007 ne David Lee Hill, wanda aka fi sani da Tex Hill, ya rasu a gidansa da ke kusa da birnin San Antonio a jihar Texas ta Amurka, yana da shekaru 92 a duniya.

Yana ɗaya daga cikin fitattun matuƙan jiragen yaƙi na wata runduna ta 'yan sa-kai da ake kira Flying Tigers, wato damisoshi masu tashi, waɗanda suka taimaka wa ƙasar Sin wajen yaƙi da Japan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Rundunar ba ta yi wata bakwai cikakku tana fafatawa ba aka rushe ta, amma har yanzu ana tunawa da ita a Amurka da ƙasar Sin. Wani ɓangare na wannan suna kuwa ya samo asali ne daga abin da Hill ya koya tun yana sojan ruwa.

Haihuwa a Koriya, tasowa a Texas

An haifi Hill ranar 13 ga watan Yulin 1915 a garin Gwangju na ƙasar Koriya, inda iyayensa ke aikin mishan a ƙarƙashin cocin Presbyterian. A wancan lokaci Koriya na hannun Japan, wadda ta haɗiye ta tun 1910.

Yana ƙaramin yaro iyalin suka koma Amurka. Daga baya mahaifinsa ya zama limamin wata babbar majami'a a San Antonio, kuma a can Hill ya tashi. Da aka kai shi makarantar kwana a jihar Tennessee, sai ɗalibai suka laƙaba masa sunan Tex saboda jihar da ya fito, sunan kuma ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya kammala karatu a kwalejin Austin a 1938, sannan ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka. A 1939 ya sami shaidar zama matuƙin jirgin sama a sansanin horaswa na Pensacola da ke jihar Florida.

Ya yi aiki a kan manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama, ciki har da Saratoga da Ranger. A nan ne ya ƙware a kan wata dabara mai haɗari: matuƙi ya kifo da jirginsa daga sama, ya nufi abin da yake hari kai tsaye, ya saki bam, sannan ya ɗago kafin ya kai ƙasa. Sojojin ruwa sun dogara da wannan dabara ne saboda jirgin ruwa ƙaramin abu ne idan ana hangensa daga sama, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Yadda aka kafa rundunar

Tun a 1937 Japan ta ƙaddamar da cikakken yaƙi a kan ƙasar Sin, kuma ba da jimawa ba ta karya lagon rundunar sojan sama ta ƙasar. Gwamnatin Chiang Kai-shek ta koma birnin Chongqing, inda jiragen Japan suka riƙa yi mata luguden bama-bamai.

Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, saboda haka ba za ta iya aika sojojinta a fili ba. Sai gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta amince a asirce cewa wasu matuƙa su ajiye aikin soja, su sa hannu a kwangila da wani kamfani mai zaman kansa, su tafi a matsayin farar hula. Wani tsohon hafsan sojan sama, Claire Chennault, wanda ke bai wa gwamnatin Sin shawara, shi ne ya jagorance su.

An samu matuƙa kusan 100 da jiragen yaƙi 100 samfurin P-40. Fiye da rabin matuƙan daga rundunar sojan ruwa suka fito. Albashin matuƙi ya fara ne daga dala 600 a wata, wanda ya ninka abin da suke samu a gida, ga kuma ladan dala 500 a kan kowane jirgin Japan da aka lalata.

Hill ya ajiye aikinsa a 1941, ya tafi garin Toungoo na ƙasar Burma, wadda ake kira Myanmar a yau, inda aka horar da su. Chennault ya gargaɗe su da kada su yi wasan zagaye da jiragen Japan, domin sun fi nasu rashin nauyi da saurin juyawa. Abin da ya koya musu shi ne su hau sama sosai, su faɗo wa abokan gaba da gudu, su buɗe wuta, su wuce.

Rundunar ta yi arangamarta ta farko ranar 20 ga Disamban 1941 kusa da birnin Kunming, kwana 13 bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor. Hill ya fara kakkaɓo jiragen Japan a watan Janairun 1942, a wani hari da suka kai filin jirgin sama na Tak a ƙasar Tailan. A watan Maris, bayan an kashe shugaban rukuninsu, Jack Newkirk, aka ɗora shi a kan muƙamin.

Kwazazzabon Salween

A cikin watan Maris na 1942 birnin Rangoon ya faɗa hannun Japan. Sojojinta suka ci gaba da dannawa arewa, suna bin hanyar motar da ta haɗa Burma da Kunming, wadda ita ce babbar kafar da ta rage wa ƙasar Sin ta samun makamai daga waje.

A farkon watan Mayu suka isa kogin Salween, a wurin da hanyar ke gangarowa a karkace cikin wani kwazazzabo mai zurfi. Sojojin Sin da ke ja da baya sun tarwatsa gadar da ke wurin, Japanawa kuma suka fara shirin kafa wata gada ta wucin gadi, yayin da motocinsu suka yi dogon layi a kan hanyar.

A daidai lokacin rundunar Chennault ta karɓi sababbin jirage samfurin P-40E masu iya ɗaukar bam. An sauke su ne a Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, aka tuƙo su ta hanyar jiragen ƙawance wadda ta ratsa Kano da Maiduguri da Khartoum, kafin su wuce Gabas ta Tsakiya da Indiya.

Ranar 7 ga Mayu, Hill ya jagoranci huɗu daga cikin waɗannan jirage zuwa kwazazzabon, dukan matuƙansu tsofaffin sojojin ruwa ne. Sun kifo ciki, suka saki bama-bamai a jikin duwatsun da ke saman hanyar. Duwatsu suka zaftaro suka toshe ta, motocin Japan suka rasa gaba suka rasa baya. An shafe kwanaki ana kai musu hari.

Masana tarihi sun sha bamban a kan ko Japan ta yi niyyar kaiwa har Kunming a lokacin. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, rundunarta ta tsaya a gaɓar yamma ta kogin, kuma a can ta zauna har 1944, lokacin da sojojin Sin suka tsallaka suka kore ta.

Bayan rushe rundunar

An rushe Flying Tigers ranar 4 ga Yulin 1942. Yawancin matuƙan sun ƙi shiga rundunar sojan Amurka da ta maye gurbinta, saboda gajiya da kuma ɓacin rai a kan yadda aka nemi tilasta musu. Biyar ne kawai suka amince su zauna, Hill na cikinsu, aka ba shi muƙamin manjo.

Ya koma gida ya yi aure a 1943, kafin ƙarshen shekarar kuma ya sake komawa ƙasar Sin a matsayin kwamanda. Ranar 25 ga Nuwamban 1943 ya jagoranci hari a kan filin jirgin sama na Shinchiku a tsibirin Taiwan, wanda ke ƙarƙashin Japan a lokacin. An lalata jirage kimanin 40, ba tare da Amurkawa sun rasa ko ɗaya ba.

A lissafin hukuma, Hill ya kakkaɓo jirage 18 da kwata, 12 da kwata daga ciki a zamanin Flying Tigers. Kwatan ya samo asali ne daga al'adar raba jirgi ɗaya tsakanin matuƙan da suka haɗu suka harbo shi.

Taƙaddama a kan alkaluma

An biya rundunar lada a kan jiragen Japan kusan 300. Amma wani marubuci Ba'amurke, Daniel Ford, wanda ya duba bayanan rundunar Japan, ya ce adadin bai wuce kimanin 115 ba. Tsofaffin matuƙan da dama sun fusata da wannan bincike. Masana na cewa zuzuta yawan jiragen da aka harbo abu ne da ya faru a kowane ɓangare na yaƙin, domin sau da yawa matuƙa biyu ko uku kan ɗauka su ne suka harbo jirgi guda.

Akwai kuma batun ko 'yan sa-kai ne ko sojojin haya, tun da kwangila suka sa wa hannu kuma ana biyansu lada. Sai a 1991 gwamnatin Amurka ta amince cewa aikin da suka yi aikin soja ne, ta ba su matsayin tsofaffin sojoji.

Rayuwar iyali

Bayan yaƙi Hill ya shugabanci rukunin farko na jiragen yaƙi masu injin jet a Amurka, sannan ya bar aikin soja na dindindin ya koma Texas. Ya shiga rundunar tsaron sama ta jihar, inda ya kai muƙamin birgediya janar, ya kuma yi harkokin kiwo da haƙar ma'adinai da man fetur.

Shi da matarsa sun yi shekaru 64 tare, sun ga 'ya'ya da jikoki. A 2002, kusan shekaru 60 bayan fafatawar da ya yi a ƙasar Sin, aka ba shi lambar yabo ta biyu mafi girma a rundunar sojan Amurka.

An binne shi a maƙabartar sojoji ta Fort Sam Houston da ke San Antonio, birnin da mahaifinsa ya yi limanci. Akwai wata makarantar sakandare a birnin da aka sa wa sunansa.