Hawa Rufi Ba Ya Ƙara wa Dish Sigina

Wanda ya tsaya a tudun Mokola a Ibadan ya dubi unguwar Sabo zai ga rufin kwano jawur da tsatsa, a kansa kuma dish birjik, wasu an kafe su da ƙusa a jikin kwanon, wasu an ɗaure su da waya a katako. Dalilin da ake bayarwa ɗaya ne, wai in ya yi sama ya fi kamawa. Wannan tunani gadon zamanin eriya ne. Tun da gidan talabijin na WNTV ya fara aiki a Ibadan a 1959, mutanen garin nan suka saba ɗora eriya a kan doguwar gora, kuma sun yi daidai, domin saƙonta daga hasumiyar ƙasa yake zuwa, tudu ko bene na iya tare shi. Dish ba haka yake ba. Tauraron ɗan'adam da yake kallo yana can sama nisan kusan kilomita 36,000, don haka mita huɗu ko biyar na tsayin gida ba su rage komai a tafiyar.

Buƙatar dish ita ce kada wani abu ya gitta tsakaninsa da tauraronsa. Tashoshin DStv, alal misali, suna saukowa ne daga tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas. Daga Ibadan ana fuskantar gabas ne da ɗan karkata kudu, wato dama da alƙibla, a ɗaga kai sama kimanin digiri 52. Ma'anarsa a aikace, bangon maƙwabci da ya ɗara dish da mita uku ba zai tare shi ba muddin akwai tazarar mita biyu da rabi a tsakani. Na StarTimes da ke digiri 5 gabas ma kusan a tsakar ka yake. Akwai kuma abin da ke ruɗin mutane: yawancin ƙananan dish an ƙera su ne ta yadda inda suke kallo ya fi inda fuskarsu ta nuna tsayi, sai ka ga kamar bango yake duba alhali ta samansa yake hange. Bishiya ce abin tsoro, domin jiƙaƙƙen ganye yana shanye sigina, kuma mangwaron da bai kai ba bana zai kai baɗi.

To in rufi bai ƙara komai ba, me yake jawowa? An kafa Sabo a 1916, kuma gidaje da dama a unguwar tsofaffi ne, azararsu ta sha ruwa da gara. Iskar farkon damina a watannin Maris da Afrilu, wadda kan yaye rufi a Ibadan, tana samun dish kamar buɗaɗɗen faifai ta yi ta jijjiga shi. Gocewar digiri ɗaya ko biyu ta isa hoto ya ɗauke, sai a sake kiran mai gyara, ya sake taka kwanon da tsatsa ta cinye. Kowace ƙusa kuwa ƙofar yoyo ce, ruwan ya bi ya ruɓar da silin. Mafi muni shi ne wayoyin wutar kamfanin IBEDC da suke ratsa lunguna dab da bakin rufi. Mai ɗaga bututun ƙarfe ko tsani a nan yana wasa da ransa, kuma babbar waya ba sai an taɓa ta ba, wuta na iya tsallakowa in an matsa kusa.

Za a ce a ƙasa ɓarayi za su kwance shi, yara kuma su mai da shi abin lilo. Gaskiya ne, amma maganin wannan shi ne a ɗaga shi inda hannu ba ya kai, kamar mita biyu da rabi zuwa uku a jikin bango ta cikin gida, inda tsani gajere ya isa. Za a ce kuma ruwan sama yana ɗauke hoto. Wannan yana faruwa ne can cikin hadari, kuma dish na kan rufi da na bango duk ɗaya ne a wajensa. Abin da ke rage shi shi ne dish mai faɗi da saiti mai kyau. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce cunkoso, don akwai gidajen haya a Sabo da ba su da tsakar gidan kirki. A irin wannan hali a nemi ƙarshen bangon bulo ko ginshiƙin kankare kusa da rufin, kwanon dai a bar shi. Ɗan haya ya nemi izinin maigida kafin a huda bango, a kuma sanar da maƙwabta kafin wani ya hau, saboda daga sama ana ganin cikin gidajen mutane da iyalinsu.

Bangon laka ko bulon da ya fara zuba ba ya riƙe noti. A nan gara a kafa bututu a ƙasa a zuba masa kankare. Ƙafar dish ta tsaya cak, a gwada ta da ma'auni, a ɗaure notinta duka. Waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki don ruwa ya ɗiga waje, a naɗe mahaɗarta, a kuma ja wata waya daga ƙarfen zuwa rodin da aka binne saboda aradu. Kafin a sallami mai haɗawa, a sa shi ya buɗe shafin sigina a dikoda ya nuna lambar inganci, sannan ya ɗan girgiza dish ɗin da hannu. In lambar ta yi ƙasa ba ta dawo ba, akwai notin da bai ɗauru ba, ya koma ya gyara.