Zubin Dara da Haɗin Karta

Duk wanda ya saba tsayawa a kan ƴan dara bayan sallar la'asar, ko a Dogo ne a bakin hanyar da ta nufi Magarya, ko a Birni da Zango cikin garin Damagaram, ya san cewa wasan nan kashi biyu ne, kuma kashin farko, wanda baƙo yake ɗauka share fage ne kawai, shi ne yake yanke hukunci. Gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴansa 12, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa, sai su yi ta zubawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku ba sai an gama zubi. To, a nan ne gwani yake aikinsa, domin yakan dasa kara a gurbin da ba shi da wani amfani a ido, alhali kuwa ya riga ya hango cewa bayan tafiya huɗu ko biyar wannan karan ne zai riƙa kaiwa yana komowa, kowace komowa da cin ɗa guda. Shi ya sa za ka ga dattijo ya kaɗa kai ya kama gabansa tun ba a matsar da ɗa ko ɗaya ba, don ya riga ya san mai ci.

Dalilin kawo wannan zance shi ne wani irin wasan karta da ya game Amurka da Turai da Japan yau fiye da shekara 30, wanda bai zama ruwan dare a ƙasarmu ba tukuna, amma yana nan tafe ta cikin salular samarinmu, kuma ya kyautu a san shi kafin ya sauka. Wani masanin ilmin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, shi ya ƙago shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a shekarar 1993 da sunan Magic: The Gathering. Ba a jima ba Japanawa suka bi sahu, kartar Pokémon ta fito a 1996, ta Yu-Gi-Oh! kuwa a 1999.

Ita karta ba baƙuwa ba ce a duniyar Musulmi, tun da an buga ta a Masar zamanin daular Mamluk, har yau ragowarta tana ajiye a fadar Topkapi ta Santambul, Turawa kuma ba su san ta ba sai wajen 1370. Belot ɗin da ake bugawa a fadojin samari, ana jiran shayi na biyu ya nuna, wannan gadon Faransawa ne, waɗanda suka riƙe Damagaram a matsayin babban birnin mulkinsu har 1926 da suka koma Yamai. A belot kati 32 ne, mutum huɗu, biyu-biyu, kuma kowa daga tuli ɗaya ake raba masa, saboda haka gwaninta ba ta wuce hardace abin da ya faɗi da fahimtar nufin abokin tafiya ba. Bidi'ar da Garfield ya kawo ita ce ya ce kowane ɗan wasa ya zo da nasa ƙunshin daga gida, wanda shi da kansa ya tsamo daga cikin dubban katuna masu aiki daban-daban. Wato dai ya ɗauke zubin dara daga filin wasa ya mayar da shi ɗaki, inda mutum zai kwana yana nazari shi kaɗai.

A nan ne ilmin yake, kuma ilmi ne na hisabi tsantsa. Ƙa'idar Magic ita ce ƙunshi kada ya gaza kati 60, kuma kada kati iri ɗaya ya wuce huɗu, in ban da katunan ƙasa na asali. Kowa yana farawa da kati bakwai a hannu da maki 20 na rai, wanda ya ƙarar da na abokin karawarsa shi ya ci. Sabon shiga, da yake an ce masa 60 ne mafi ƙaranci, sai ya ga ai yawa alheri ne, ya cusa duk katin da ya ba shi sha'awa har ƙunshin ya kai 80. Lissafi kuwa ba ya bin sha'awa. In mutum ya sa kati huɗu na abin da ya fi dogara da shi a cikin 60, damar da yake da ita ta ganin ko da ɗaya a hannunsa na farko ta kusa 40 cikin 100. In ƙunshin ya kumbura zuwa 80, sai ta faɗo wajen 31. In kuwa guda ɗaya tak ya sa a cikin 60, ba ta kai 12 ba. Saboda haka galibi masana wasan ba sa ƙara ko kati ɗaya a kan 60, kuma abin da ya fi yi musu wuya shi ne cire katin da suke ƙauna domin bai dace da sauran ba.

Sai mas'alar katunan ƙasa, waɗanda ba sa kai hari ba sa karewa, amma da ƙarfin da suke bayarwa ake biyan kowane kati kafin a ajiye shi, kuma guda ɗaya ake saukewa a kowane zagaye. Al'adar da aka daɗe a kanta ita ce a ba su wajen 24 cikin 60. Wanda ya yi rowarsu yakan zauna da hannu cike da manyan katuna ya kasa sauke ko ɗaya, kamar manomin da ya tara iri ba shi da gona. Wanda ya yawaita su kuma ya yi ta jan ƙasa babu abin yi da ita. Ni a ganina wannan darasi na tadbiri, cewa abin da ba ya ƙyalli shi ke ɗauke da mai ƙyalli, ya isa a koya wa ɗalibi a aji.

Ƙunshi kuma ba a auna kyansa shi kaɗai, sai an dubi abin da jama'a suke zuwa da shi. Akwai masu gaggawa, da ke neman gama wasa tun abokin karawa bai kimtsa ba, akwai masu haƙuri, da ke warware duk abin da aka ƙulla har sai ɗayan ya ƙare sannan su miƙe, akwai kuma masu ɓoye wasu katuna biyu ko uku da in sun haɗu magana ta ƙare nan take. Idan wani salo ya yi rinjaye wannan wata, sai kowa ya shirya maganinsa, wata mai zuwa mai maganin ya zama abin farauta. An yarda a riƙe wasu katuna 15 a gefe don musanyawa tsakanin wasa da wasa, kuma sau da yawa wanda ya cika wayo wajen shirya wa mutum ɗaya yakan faɗa hannun wani da bai yi zato ba, dara ta ci gida.

Zaman jama'arsu ma ba zai zama mana baƙo ba. Kantunan sayar da kartar sukan ajiye tebura, ana taruwa duk daren Juma'a, babba ya koya wa yaro, a ari kati, a yi musaya, a yi gardama kan wasan da ya wuce mako biyu, daga nan kuma gwanaye su haura zuwa babbar gasar ƙwararru, wadda aka fara a birnin New York a 1996. Wanda ya san yadda fada take riƙe saurayi, ta san rashin lafiyarsa, ta tara masa gudummawar aure ko suna, ya san cewa rabin abin da ke kai mutum wurin ba wasan ba ne.

Amma fa akwai inda hanya ta rabu, kuma wurin kuɗi ne. Ƴaƴan dara kyauta ne, attajiri da ɗan kabu-kabu da adadi ɗaya suke zama. Wannan karta kuwa a rufaffen fakiti ake sayar da ita, mai saye bai san abin da ke ciki ba, kamfani kuma da gangan yake ƙaranta buga wasu katunan don a yi ta saye ana nema. Abin ya kai a 2023 mawaƙin nan Post Malone ya sayi kati ɗaya, wanda shi kaɗai aka buga irinsa, a kan kimanin dalar Amurka miliyan 2. A farkon Magic ma har kati ake ajiyewa wanda ya ci ya ɗauka, sai daga baya aka soke wannan daga gasa saboda kamarsa da caca. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin a zaure ya san ta hana wasan nardu da shaɗaranji, ko da yake Shafi'awa sun tsaya ga karhanci a shaɗaranji muddin babu kuɗi. Ya kuma san babin garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Malaman Saudiyya sun haramta Pokémon a 2001, kama da caca tana cikin hujjojinsu. Fatawa aikin malamai ce, amma ba sai mutum ya zama faƙihi ba kafin ya gane cewa hikimar tana cikin haɗa ƙunshi, illar kuwa tana cikin rufaffen fakiti.

A salula illar ta fi kusa, domin wasa irin Pokémon TCG Pocket, wanda ya fito a Oktoban 2024, kyauta ake saukar da shi, amma mai son buɗe fakiti da sauri sai ya biya, kuma babu dattijo a kansa, babu abokin fada da zai ce masa ya isa haka. Saboda haka uban da ya ga ɗansa yana wannan wasa kada ya fara da fizge waya. Ya zauna ya sa yaron ya bayyana masa dalilin da ya sa ya zaɓi kowane kati, in ya iya bayani ya yaba masa, sannan ya tambaye shi nawa ya biya, kuma da kuɗin wa.