Lasisin Magana a Gajeren Zango: Abin da Mai Oba-oba Ya Kamata Ya Sani

Da wuya a sami garin da ya fi Kaduna sanin darajar akwatin rediyo. Tun 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata, wanda sashensa na rediyo ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1978, muryar garin nan take ratsa iyakoki zuwa Nijar da Kamaru da Chadi. Dattijon Kawo ko na Unguwar Shanu bai yi karatun kimiyya ba, amma ya san mita 49 da aka saba kama Rediyon Kaduna a kanta, ya san inda zai murɗa ya kamo Landan ko Jamus, ya kuma san tashar da ke fita tangaran da asuba tana iya dusashewa da tsakar rana. Wurin sauraro kam, babu mai koya mana.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a tsakankanin waɗannan mitoci akwai filayen da dokar duniya ta keɓe wa mutum ɗaya tilo, wanda ba gwamnati ba ne, ba kuma kamfani ba, domin ya kafa 'yar tasharsa a ɗakinsa ya yi magana da takwarorinsa na ko'ina. Dab da mita 41 ta gidajen rediyo akwai mita 40, daga megahaz 7.0 zuwa 7.2 a yankinmu. Akwai mita 20, daga 14.0 zuwa 14.35, akwai mita 15 da mita 10 da wasunsu. Waɗannan su ne zangunan masu rediyon sha'awa. Idan ka taɓa murɗa akwatinka ka ji wasu muryoyi a shaƙe, ba ka gane abin da suke faɗa, mai yiwuwa su ne. Salon da suke aika murya ya sha bamban da na gidajen rediyo, sai akwatin da aka yi dominsa ke warware shi.

Yadda suka mallaki waɗannan filaye abin dariya ne. A farkon ƙarni na 20 kowa watsa abin da ya ga dama yake yi, har aka riƙa kukan cewa 'yan sha'awa na toshe saƙonnin jiragen ruwa. A 1912, shekarar da jirgin Titanic ya nutse, Amurka ta yi dokar da ta tilasta lasisi, ta kuma kora 'yan sha'awa zuwa mitocin da ba su wuce 200 ba, a bisa zaton wurin ba shi da wani amfani. Ashe wurin da aka raina shi ne mai albarka. A watan Nuwamba na 1923 wani ɗan sha'awa a birnin Nis na Faransa da wani a Amurka suka yi musayar saƙo, wannan ya aika wancan ya amsa, a tsallaken tekun Atilantika, da na'urorin da ba su taka kara sun karya ba. Gajeren zangon da BBC ta fara aiko mana da Hausa ta cikinsa a 1957, 'yan sha'awa na cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya ƙarfinsa.

Sirrin yana can sama. Daga kusan kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita a bisa kanmu akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cika shi da lantarki. Saƙon gajeren zango idan ya kai can sai ya lanƙwaso ya dawo ƙasa a wuri mai nisa, wani lokaci ya sake tashi ya sake faɗowa. Shi ya sa wat 100, ƙarfin tsohon ƙwan lantarki guda, kan iya kai murya daga Malali zuwa Turai idan yanayi ya yi kyau. Rana ce ke juya lamarin: dare da yini ba ɗaya ba ne, kuma ita kanta ranar ƙarfin tasirinta yana hawa da sauka a zagayen kimanin shekara 11.

To saƙon da ke tsallake iyaka ba tare da fasfo ba, dole ƙasashe su zauna a kansa. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai mazauni a Janeba, ita ke da kundin dokokin rediyo, kuma sashe na 25 na kundin kacokan a kan 'yan sha'awa yake. Ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin tabbatar da cewa duk wanda za ta bai wa lasisi ya san aikin, ya kuma san ƙa'ida. Ya bar mata ta yanke iyakar ƙarfin da zai watsa. Sai kuma sharuɗɗan da suka hau kan kowa: ba a neman kuɗi da wannan tasha, ba a ƙulla magana cikin lambobin sirri don ɓoye ma'anarta, kuma dole mai magana ya riƙa faɗin lambar kiransa a kai a kai. Isar da saƙon wani zuwa wata ƙasa ma an taƙaita shi ga lokacin bala'i da aikin agaji, sai fa in hukumar ƙasa ta sassauta. A dokokin yawancin ƙasashe kuma babu sanya waƙa, babu talla, babu watsa shiri ga jama'a. Mai son yin wa'azi, ko kamfen, ko tallar maganin basir, ƙofarsa daban ce, kuma a Najeriya tana wajen NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin.

Lambar kira ita ce sunan yanka na mai tasha. Haruffanta na farko suna faɗin ƙasarsa: ta Najeriya takan fara da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ, ta Chadi TT. A zamanin mulkin Ingila, ZD2 ake jin Najeriya da ita. Babu mutum biyu masu lamba ɗaya a duniya. Marigayi Sarki Husaini na Jodan JY1 ce lambarsa, Rajib Gandi na Indiya kuma VU2RG, kuma a lokacin rayuwarsu in suka hau zango ƙa'idar da ta hau kan ɗan makaranta ita ta hau kansu.

Ƙasashe da dama sun mayar da lasisin hawa-hawa, gwargwadon sani gwargwadon dama. A Amurka hawa uku ne: jarabawar farko da ta biyu tambaya 35 kowacce, ta ƙarshe 50, kuma kowane hawa yana buɗe ƙarin zanguna, iyakar ƙarfi kuma wat 1,500. A Ingila ma uku ne, kuma tun 2024 ɗan hawan farko yana da wat 25, na biyu 100, na uku 1,000. Da can sai ka iya buga saƙon tangaraho da ɗigo da ja, irin na Mos, kafin a bar ka ka hau gajeren zango, sharaɗin da ya kori mutane da yawa. Taron ITU na 2003 ya cire wannan tilas, ya bar wa kowace ƙasa zaɓi. Ingila ta yar da shi a shekarar, Amurka ta bi sahu a 2007. Duk da haka masu buga Mos ba su ƙare ba, don saƙonsa yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa.

A nan gida, tushen maganar shi ne dokar wayar iska ta 1961, wadda ta hana kafa ko amfani da na'urar watsa saƙo ba da lasisi ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta zo ta kafa majalisar rabon zanguna ta ƙasa a ƙarƙashin ministan sadarwa. A taƙaice rabon aikin haka yake: NCC na kula da kamfanonin waya, NBC na kula da gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar sadarwa ta tarayya a Abuja kuma (wadda kusan kowace gwamnati sai ta sake mata suna) ita ke da masu amfani da zango ba don kasuwanci ba, kuma nan 'yan sha'awa suka faɗo. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NARS, wadda ke cikin tarayyar ƙungiyoyin 'yan sha'awa ta duniya, IARU, da aka kafa a Faris ranar 18 ga Afrilu, 1925.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Rediyon oba-oba ya cika gari. Mai gadin otal na da shi, 'yan sintirin unguwa na da shi, masu shirya biki ma haka. Da yawa daga cikin ƙananan da ake shigowa da su daga Sin, irin su Baofeng, suna iya watsa saƙo daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma wani faffadan fili sama da 400. A cikin wannan faɗin duka, na 'yan sha'awa a yankinmu 144 zuwa 146 ne kawai, sai 430 zuwa 440. Sauran na wasu ne. Jiragen sama na magana da hasumiya daga 118 zuwa 137, ga kuma garin da ke da filin jirgi, da sansanin sojan sama a Mando, da barikoki ko ta ina. Mai sayarwa ba zai tambaye ka takarda ba, kai kuma ba ka san a gonar wa ka shiga ba. Rasit ɗin kanti ba lasisi ba ne. Ko filin 'yan sha'awar ma, wanda ba shi da lambar kira ba shi da hurumin danna maɓallin magana a cikinsa. Jarabawar kuwa a kan mai magana take. Wanda zai kasa kunne kawai ya ji hirar 'yan sha'awa, akwatin gajeren zango mai kyau ya ishe shi fara koyo.

Na san abin da mai karatu zai ce: a wannan hali na rashin tsaro, wa zai yarda a ƙara sakar wa mutane na'urorin sadarwa? Tsoron yana da dalili. Ba mu manta ƙarshen Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a sassan jihar nan, bayan an yi haka a Zamfara, har zuwa ƙarshen Nuwamba. Kuma kada wani ya ɗauka lasisin sha'awa hanya ce ta kewaye irin wannan umarni. Gwamnati na da ikon rufe bakin 'yan sha'awa su ma, kamar yadda Ingila ta yi a 1939, Amurka kuma a Disamba 1941. Amma a duba da kyau. Mai lasisi ya ba da sunansa da adireshin gidansa, an hana shi maganar sirri, kuma yana shelanta lambarsa duk bayan 'yan mintoci ga duk mai kunne. Babu wanda ya fi shi fitowa fili a sararin nan. Ɗan bindiga kuwa bai taɓa cike fom ba, ba kuma zai fara ba. Tsananta wa mai neman takarda ba ya rage oba-oba ko ɗaya a daji. A gari kawai yake rage waɗanda suka san ƙa'ida.

Su kuma waɗannan mutane ana ganin ranarsu idan komai ya tsaya. Lokacin igiyar ruwan tsunami ta Disamba 2004, wasu 'yan sha'awa 'yan Indiya da suka je tsibiran Andaman don nishaɗinsu sai suka koma masu isar da saƙon agaji. An ga irin haka a girgizar ƙasar Nefal a 2015, da ta Turkiyya a 2023. Tasharsu ba ta jiran hasumiyar kamfani: batirin mota, faifan sola, da waya mai tsawon kusan mita 10 a rataye tsakanin itace biyu sun isa aiki a mita 20. Mazauna Kigo Road da sauran unguwannin bakin kogi sun san yadda ruwa ke yi mana a Agusta da Satumba.

Ni dai a ganina babbar garaɓasar wannan lasisi ba ta ma agaji ba ce. Wayar da ke aljihunka sai NCC ta amince da samfurinta kafin a sayar, kuma ba ka da ikon taɓa ƙarfinta ko zangonta. Mai cikakken lasisin sha'awa, a tsarin yawancin ƙasashe, an yarda ya ƙera na'urar watsa saƙonsa da hannunsa, ya gwada, ya gyara, ya sake gwadawa, muddin bai fita daga zangonsa ba. Wannan amana ce ta sa ake jarabawa, don a tabbatar ya san lissafin lantarki, ya san yadda zai hana na'urarsa shiga talabijin ɗin maƙwabci, ya kuma san eriya ba ta kusantar wayar wuta. Yanzu a tuna da hannayen da ke garin nan: maƙeran Panteka, yaran da ke warware waya su mayar a kasuwar Sheikh Gumi, ɗaliban sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, da na Jami'ar Jihar Kaduna. Da yawansu sun haddace lissafin eriya don cin jarabawa, ba su taɓa ɗaga ko ɗaya sun ji an amsa musu daga Barazil ba.

Damar kuwa ta wuce gajeren zango. Tun Disamba 1961 'yan sha'awa suke da taurarinsu a sama. A Nuwamba 2018 aka harba tauraron ƙasar Katar mai suna Es'hail-2, ɗauke da na'urar 'yan sha'awa da ake kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a sama, yana hango daga gabashin Barazil har Tailan, Afirka duka na ciki. Da faranti irin na kallon ƙwallo da 'yan wat kaɗan, mai lasisi a Unguwar Rimi zai yi hira da Alƙahira ko Johannasbag dare da rana, ba katin waya, ba data. Tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma tana da rediyon sha'awa, kuma 'yan sama jannati kan amsa tambayoyin 'yan makaranta ta cikinsa a kan megahaz 145.8. 'Yan Sikawut na duniya su ma tun 1958 suke haɗuwa ta iska kowace shekara, yanzu a watan Oktoba.

Abin da ake nema ba shi da tsada. Ma'aikatar sadarwa ta fito da hanyar neman lasisin a fili: ga manhaja, ga kuɗi, ga ranar jarabawa, ga wurin zana ta, yadda ɗan Badarawa ba sai ya san wani a Abuja ba. A yi ƙaramin hawa na masu farawa, mai ƙarancin ƙarfi, kamar na Ingila. Makarantunmu na fasaha su nemi lasisin tashar kulob, wadda ɗalibai za su yi aiki da ita a ƙarƙashin malami mai lamba, jami'an tsaro su san da ita tun daga ranar farko. Kai kuma da ka riga ka sayi oba-oba, kafin ka sake danna maɓallin nan, nemi wanda ya san aikin ya duba maka a kan wane zango aka saita shi, ka kuma bincika ko kana da izinin wurin.