Buhun kaka da mudun damina: inda kuɗin gida ke zurarewa a ƙasar Kabi

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a ƙarshen Nuwamba zai ga shanshera baje a bakin titi tana shan rana, 'yan sari na zagaye da ita, buhu na hawa mota ana ƙirga kuɗi. Idan ya sake bin hanyar a watan Agusta, ba mamaki ya tarar da manomin nan da ya sayar tsaye gaban mai awo da leda a hannu, yana roƙon a cika masa mudu. Shinkafar da ya noma ce ta dawo masa, an sheme ta, an ɗora mata kuɗin mota da ribar mutum uku.

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafar fadamar Rima ta samu masu saye. Ga masana'antar Labana a babban birnin jiha, ga ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Alheri ne, babu musu. Sai dai kasuwar da ke bakin ƙofa tana da jaraba: biki ya taso, babur ya tsufa, mai bashi ya matsa, sai a kwashe rumbu har da na ci.

Da can ana iya yin wannan kuskure a tsira. Amma daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gidan da ke awo kullum shi ya fi jin wannan zafi, domin mai sayen ƙulli-ƙulli ya fi kowa biya da tsada.

Saboda haka tattalin farko ba a kasuwa yake ba, a masussuka yake. Maigida ya zauna da uwargida, wadda ita ta san mudu nawa tukunya ke ci a rana, su lissafa na shekara, su ware shi gefe kafin ɗan sari ya yi sallama. Ma'aikacin albashi da ba ya noma zai iya haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku su sari buhu da kaka su raba. A nan akwai abin lura: ajiyar ci daban, ɓoyo don riba daban. A 2025 farashin hatsi ya karye a kasuwannin Arewa, waɗanda suka cika ɗakuna suna jiran tashinsa suka ji a jikinsu. Wanda ya ajiye na bakin iyalinsa kawai bai yi asara ba, tuwonsa ya ci.

Matsalar ajiya ita ce ƙwari, musamman a wake, kuma a nan ne ake yin arhar da ke kai mutum asibiti. Wasu na yayyafa Sniper a cikin wake don kada ya huje. Guba ce ta feshin gona, ba ta abinci ba, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, kuma irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Haka ƙwayar maganin hatsi da ake jefawa a buhu: iska mai kisa take fitarwa, ba a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da ake kwana.

Alhali ga hanya ba tare da magani ba. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban; ƙwarin da ke ciki sai su rasa numfashi su mutu. Ya fi buhun gama-gari tsada, amma muddin bai huje ba ana sake amfani da shi wata kakar. Jarka mai tsabta ko durom mai murfi gam, idan aka cika shi har baki, aikin ɗaya yake yi. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa ana ɗiba kullum. A ware na mako-mako a wani mazubi.

Kayan miya ma suna da kakarsu. Lokacin sanyi tumatir da tattasai kan yi yawa har su ruɓe a kwando, albasar Aliero ta cika kasuwa. Da damina kuwa sai a ga tumatir huɗu a faranti ana kiran kuɗin da ke sa mace ta juya. Kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka ba abincin talauci ba ne, dabara ce da kakanni suka bari. A yanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙurar titi da awaki. Kifin da aka banda da kyau shi ma yana jira.

Sai murhu. Waken da ya kwana a jiƙe ba ya cin itace kamar busasshe, tukunya mai murfi ta fi buɗaɗɗiya saurin nuna, kuma murhun da aka kewaye da laka ba ya barin iskar hunturu ta kwashe wuta. Ɓuntun shinkafa da ke jibge a bayan injinan casa makamashi ne ga mai murhun da ya dace da shi. Amma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don korar sanyi, ko janareta a zaure saboda tsoron ɓarawo, sun sha hallaka iyali guda cikin barci, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari.

Ɗan abin da aka tara fa? Masu tura kuɗi ƙarƙashin katifa ba su manta da wahalar canjin takardun naira a farkon 2023 ba. Adashe da mutanen da aka sani gida da gida har yanzu yana sayen buhu da kaka. Wanda ake gudu shi ne na cikin waya, mai alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. MMM ya tafi da na mutane a 2016, CBEX ya maimaita a Afrilun 2025, kuma a duka biyun an biya na farko-farko da kuɗin na baya, su kuma suka jawo 'yan uwansu da hannunsu.