Sarkin zuma mace ce

A Cadawa da ƙauyukan Agye, duk wanda ya taɓa rataya amya a kan gawo yana da abin faɗa game da ƙudan zuma. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuwa su ne ke raba mutum da zumarsa.

Ana cewa kowace amya tana da sarki namiji mai ba da umarni. Ba haka ba ne. Wannan babban ƙudan mace ce, wato sarauniya, kuma ita ce uwar gidan. Tun a ƙarni na 17 Jan Swammerdam, mutumin Holan, ya feɗe ta ya tarar da ƙwai a cikinta. Lokacin yalwar fure tana iya saka ƙwai 1,500 a rana. Ba a cikin amya take barbara ba: wani makahon masani na Suwizalan, François Huber, ya bayyana a 1792 cewa a sararin sama take haɗuwa da namiji. Ma'aikatan da ke ɗebo ruwan fure duk mata ne. Mazan ba su harbi, ba su kawo komai gida, kuma daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba suke fitowa, abin da Johann Dzierzon ya gano a 1845.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta fararen tsutsotsin nan da ake gani cikin saƙa, a ce zuma ce ta ɓaci, a yar ko a matse tare. Ƴaƴan zuma ne! Ƙwai yana kwana 3 ya ƙyanƙyashe, daga ranar saka shi kuma ma'aikaciya ta fito cikin kwana 21 ko ƙasa da haka kaɗan, namiji 24, sarauniya 16. Ma'aikaciya kuwa a lokacin aiki da ƙyar take wuce mako 6. To, in ka cusa wutar kara cikin amya da dare ka kwashe saƙa duka, wa zai maye gurbin tsofaffin? Akwai tsutsa mai ɓarna, ta wani malam-buɗe-littafi mai cin kaki, amma ita tana barin zare kamar yanar gizo-gizo. Ƴaƴan zuma kowace a raminta take kwance tsaf.

Cewa zuma tana mutuwa in ta harbi mutum, wannan gaskiya ne ga ma'aikaciya, don ƙarinta yana maƙalewa a fata ya fizgo cikinta.

Sai batun tashi. An wayi gari amya ba kowa, sai a fara zargin sammu ko bakin maƙwabci. Tashi iri biyu ne. In gida ya cika, tsohuwar sarauniya ta kan fita da wajen rabin jama'a, ta bar wa ƴarta amya. Wannan haihuwa ce, kuma mai amya ta biyu a kusa shi ke cin riba. In kuwa duka suka watse, a duba ƙishirwa, cinnaka, wuta, ko maganin feshi da aka zuba wa wake yana tsakar fure. Zumar Afirka ta fi ta Turai saurin ƙaura in ta ji wuya.

Masu cewa sassabin zamani, wato barin itatuwa su tsiro a gonaki, ya taimaki zuma ba su yi ƙarya ba. Gawon da manoman Ɗan Saga da kewaye suka bari ya tsiro a gonaki yana fure ne bayan damina, daidai lokacin da ciyawa ta bushe, sarauniya kuma ta samu abin ci gaba da saka ƙwai.