Dalilan zaftarewar ƙasa a tsaunukan yankin munsun

Da farko ya kamata a raba kalmomi biyu waɗanda masu fassara kan gwama. Zaizaya ita ce cin da ruwa ko iska ke yi wa ƙasa sannu a hankali, shekara da shekaru. Zaftarewa kuwa, watau gefen tsauni ya ɓalle ya gangaro cikin ƴan mintoci, ita ce batunmu a nan.

An fi fama da ita a kudancin Asiya, inda iskar munsun (asalin sunan Larabci ne, mausim, watau lokaci) ke tasowa daga teku ɗauke da laima tsakanin Yuni da Satumba. In ta ci karo da tsaunukan Himalaya ko na yammacin Indiya, sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a kan gangare. A gundumar Wayanad ta jihar Kerala, ruwan da ya sauka cikin kwana biyu a ƙarshen Yuli 2024 ya haura milimita 500, kusan abin da Yamai ke samu a shekara guda. Ran 30 ga watan, tun gari bai waye ba, tsauni ya zaftaro, mutum fiye da 200 suka halaka.

Galibi akan ɗora laifin a kan nauyin ruwa. Da gaskiya a ciki, amma babban dalilin yana ƙarƙashi. Zafi da laima na ruɓar da dutse, har ƙasa mai kauri ta taru bisa fa, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne cijewar ƙwayoyinta da juna. In ruwa ya nutse ya tarar da fa, ba shi da hanyar wucewa, sai ya cika ƴan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin, yana tura su, cijewar tana raguwa, har ƙasa ta sulɓe a daidai mahaɗarta da dutsen. Saboda haka ruwan makonnin baya yana da hannu ƙwarai. Wanda ya ga katangar laka ta jure ruwan Yuli, sa'an nan ta faɗi a Agusta, ya fahimci wannan.

Akwai kuma abubuwan da ke raunana gangare tun kafin damina. Kogi kan ci gindinsa, masu aikin hanya su yanke shi. Girgizar ƙasar Nepal ta Afrilu 2015 ta tsattsaga duwatsu, zaftarewa ta yawaita a daminar wannan shekara. Sare itatuwa ma dalili ne, ko da yake a ganina ana zuzuta shi: saiwa tana ɗaure ƙasar sama ne kawai, in tsagar ta yi zurfi, da dajin da ƙasar tare suke gangarowa.

Daminarmu ta Afirka ta Yamma ita ma munsun ce. A Firitawun ta Saliyo, ran 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana ruwa, tsaunin da aka yi ta gina gidaje a jikinsa ya zaftaro, waɗanda suka mutu ko suka ɓace sun haura 1,000.